Ƙwanƙofa

Duk wanda ya taɓa sayen kaset a layin bayan tasha ya san Biro, in ma bai san fuskarsa ba to ya san ƙarar shagonsa. Ba sunan yanka ba ne. Tun yana ɗan koyo a wurin wani mai gyaran rediyo yake saƙala biro a bayan kunne, kuma ba don rubutu ba, shi da rubutu sai ta kama dole. Da shi yake naɗe zaren kaset idan rediyo ta tauna ta tofar. Sai ya zura biron a ramin kaset ɗin, ya ɗaga hannu yana wulwulawa yana zuba surutu, kafin ka gama ba shi labarin yadda aka yi zaren ya koma ciki. Maigidansa ne ya fara kiransa haka, layi ya ɗauka, har matarsa ma in ranta ya ɓaci da sunan take kiransa.

Da aka yaye shi ya kama ɗan shago wanda in ya miƙa hannuwa yana taɓa bango da bango. Kantoci har rufi, duk kaset. A tsakiya ga abin da ke ciyar da shi, wata rediyo mai baki biyu: ka sa na asali a hagu, ka sa sabo a dama, ka danna, kafin shayi ya huce ɗaya ya zama biyu. Kusa da ita reza da kwalbar jan farce. 'Yan layi sun sha tsokanarsa a kan kwalbar nan, wai ƙato da gemu yana ajiye kayan kwalliyar mata. Shi kuwa sai ya ce su bari zaren kaset ɗin bikinsu ya tsinke, su ga wanda zai ɗinke musu. Gaskiyarsa ne. Ɗigo ɗaya yake sawa ya haɗa bakin zare da bakin zare, ya hura, ko mai kunnen zomo ba ya jin inda aka yi haɗin.

Ga shi da baki. In wani ya yi gangancin ce masa sana'arsa sata ce, sai ya gyara zama, don ya samu abin da yake so. Zai tambaye ka, in ya sace maka akuya kana da akuya? Ka ce babu. To in ya kwafi kaset ɗinka, ina kaset ɗin naka yake? Ka ce yana hannunka. Sai ya buɗe tafin hannu ya ce to a nuna masa abin da ya sata. Wai shi taimakon mawaƙa ma yake yi, shi ke kai muryarsu inda ƙafarsu ba ta taɓa zuwa ba, kamata ya yi su riƙa aiko masa da gaisuwa. Abin da daɗin faɗa, tunda bai taɓa haɗa ido da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mawaƙi ɗaya ya sani ido da ido, shi ne yayan matarsa, kuma shi ma ba ya amsa sunan mawaƙi. Kafinta ne, dogon mutum mara yawan magana, mai yin ƙofofi da tagogi a wata rumfa da ke jikin gidansa. In la'asar ta yi ya share garin katako, sai ya ɗauko wata tsohuwar jita ya zauna a kan benci. Ba ya zuwa taro, ba ya wasa kowa. Buri ɗaya gare shi: in waƙoƙinsa sun kai su cika kaset, ya kai wa kamfanin da ke buga su da hatimi da sunan mai su a jiki. Kafin nan ba ya yarda a kwafi muryarsa, ko da wasa. In yana son ka, zaunar da kai zai yi ya rera maka taka daga farko a sabon kaset, ya sa sunanka a ciki. Ya yi wa mahaifiyarsu, ya yi wa matarsa. Wai waƙa kamar ƙofa ce, kowane gida da awonsa.

Watanni kaɗan bayan auren Biro kafinta ya aika masa ya zo da sabon kaset. Suka ɗora ƙaramar rediyo a kan teburin aiki, tsakanin zarto da gwangwanin ƙusa. Amarya ta zo kawo wa yayanta abinci, aka ce ta nemi wuri ta zauna ta yi shiru. Waƙar a kan ƙofa take, me kuma za ka zata daga kafinta? Mutum ya sassaƙa ƙofa da hannunsa, ya kafa ta a gidan wani, duniya ta juya ya zo yana neman a buɗe masa. Ana tsakiyar baiti na biyu garin katako ya shiga hancin amarya. Ta danne, ta danne, ta kasa, ta saki atishawa guda mai kyau. Kafinta bai tsaya ba, murmushi kawai ya yi ya wuce. A baitin ƙarshe ya dubi mijin ƙanwarsa ya rera:

Ni na sassaƙa ƙofar nan,
Yau ni ke ƙwanƙwasa ta.
Kafinta ne ya rera, mai zarto,
Ya ba mai biro a kunne, mijin ƙanwa.
Taka ce, ta ɗaka ce,
Kar ka bari ta fita ƙofa.

Da ya fito da kaset ɗin ya miƙa masa, sai da ya sake nanatawa. "Ta ɗaka ce fa, Biro."

"Haba Yaya, ai ko ba ka faɗa ba."

Ba ranar ya ci amanar ba, kuma ba da niyya ya fara ba. Da wannan ya yi shekaru yana lallashin kansa. Ya gyara wa wani rediyo ne yana neman abin gwaji, kaset ɗin yana aljihunsa, ya jefa. Wani direban babbar mota da ya zo wucewa ya tsaya cak a bakin shagon, bai motsa ba har waƙar ta ƙare. Ya roƙa a kwafa masa, Biro ya ce ba ta sayarwa ba ce. Washegari ya dawo da abokansa, su ma suka roƙa. Kasuwa ta yi sanyi a lokacin, matarsa ga ciki, kuma mutumin da ya saba duk abin da kunne ya so hannu ya kwafa, wuya ne ya zauna da irin wannan a aljihu. Ya karanta wa kansa karatun akuya daga farko har ƙarshe, ya ga ai Yaya ba zai rasa komai ba, waƙarsa tana bakinsa.

Abu ɗaya ya tsaya masa, sunan nan. Mai biro a kunne duk faɗin garin mutum ɗaya ne. Ya ja ƙyauren shagon rabi, ya zaro zaren, ya ɗauki reza. Garin gaggawa rezar ta sauka kafin lokaci, a tsakiyar kalma. Ya yanke abin da ya fi kamu guda, ya haɗa sauran da jan farce, ya ajiye yankin a gefen kanta da niyyar in ya gama kwafi ya mayar da shi mazauninsa. Yana juyawa fanka ta hure shi waje. Ya leƙa ya hango shi yana ƙyalli, naɗe a ƙafar keken wani mai wucewa. Ya buɗe baki zai yi kira, sai ya tuna in aka tambaye shi ko mene ne ba shi da amsa, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Haɗin ya yi kyau, kyau har ya yi yawa. Inda kafinta ya ce "Yau ni ke ƙwanƙwasa ta," ya bi da sunansa da na surukinsa da kashedinsa har zuwa "ƙofa," yanzu abin da ake ji shi ne "Yau ni ke ƙwanƙofa." Sumul, kamar haka aka haife ta. Biro ya so ya cire sunansa ne kawai, bai lura ba sai daga baya cewa rezar ta tafi da na mai waƙar.

Waƙar ta kama gari kamar wutar daji. Direbobi suka kai ta garuruwan da Biro bai taɓa jin sunansu ba, masu irin sana'arsa suka kwafa daga kwafinsa, aka kwafa daga nasu. Tunda babu rubutu a jikin kaset ɗin, mutane suka raɗa mata suna da kansu, Ƙwanƙofa. Aka yi ta musu a teburin mai shayi a kan ma'anar kalmar. Wani ya rantse ya taɓa jin ta a bakin kakarsa. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa ƙwanƙofa shi ne mutumin da ke zuwa ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba bai tafi ba, har iyaye mata suka riƙa ce wa yara su shigo su daina yi musu ƙwanƙofa. Atishawar ma ta samu masoya. In an zo wurin, direba zai ce "yarhamukillah," fasinja su kwashe da dariya. Samarin da suka riƙa maimaita waƙar a wuraren biki har da atishawar suke yi, wai in babu ita waƙar ba ta cika ba.

Kafinta dai bai fasa burinsa ba. Da waƙoƙinsa suka cika ya sa kayansa masu kyau ya rataya jita ya tafi kamfanin. Matar Biro ce ta kawo labarin yadda aka yi, tana ninke wanki tana faɗa, ba ta ɗaga kai ba. Wai ya fara da waƙar ƙofa, don ita ya fi ji da ita. Mutumin da ke saurare ya dakatar da shi tun bai kai rabi ba, ya ce wannan ai Ƙwanƙofa ce, babu gidan da babu ita, wa zai saya? Kafinta ya ce tasa ce. Mutumin ya yi dariya ya ce shi ne na nawa da ya zo ya faɗi haka, kuma in yana son a ɗauke shi da muhimmanci ya je ya ƙirƙiro tasa, ya bar hawa kan ta mutane. Kafinta bai rera sauran ba. Ya dawo gida ya buga ƙusa a bangon ɗakinsa ya rataye jitar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Biro ya zauna jiran rigima. Ya tanadi amsoshi kala-kala: wataƙila ta wurin Inna, mahaifiyar su Yaya, ta fita, tsofaffi ba sa hana aro, wataƙila wani ne ya laɓe da rediyo a bayan rumfa. Har fuskar mamakin da zai yi ya gwada a madubi. Bayan 'yan kwanaki sai ga kafinta a layin da jakar kayan aiki. Biro ya miƙe yana gaisuwa har da ta wuce kima. Ashe ƙyauren shagon ya zo gyarawa, wanda ya yi alkawari tun kafin biki. Ya durƙusa ya hau aiki. Maƙwabcin Biro, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya zaɓi lokacin ya saki waƙar a lasifika. Ta zo ta wuce atishawa, guduma tana ta aiki. Da aka iso ƙwanƙofa gudumar ta tsaya a sama, ɗan tsayawa kaɗan, sannan ta sauka. Ya gama ya buɗe ya rufe ya gwada.

"Ƙofarka ta gyaru," ya ce, ya ɗauki jakarsa.

Da zaginsa kafinta ya yi da ya fi wa Biro sauƙi. Zagi ana ramawa, ko a ba da haƙuri a wuce wurin. Amma me za ka yi da mutumin da ka cuta ya zo ya gyara maka ƙofa? Daga ranar Biro bai ƙara iya zama ɗaki ɗaya da shi ba. Bai yanke zumunci ba, a'a, ya fi kowa zuwa. In ana suna shi ne na farko, in an yi rasuwa shi ne na ƙarshen tashi, buhun kaya in ya shigo gidan to shi ya aiko. Sai dai kullum daga bakin ƙofar ɗakin zai tsaya ya yi gaisuwa, a ce ya shigo, ya ce ya bar shago ba kowa. Yaran gidan suka taso suka gan shi haka, suka riƙa ce masa Baba Biro ƙwanƙofa, ana dariya shi ma yana yi.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya daina sayar da waƙar tun tuni, amma ina amfani? Tana jiransa a motar haya, a shagon aski, a bakin mai wankin mota. In aka ce an kama ɓarawo a tasha, 'yan layi su ruga kallo, shi sai ya sami abin gogewa a kanta. Karatun akuya ma ya bar shi. In matasan sana'ar suka ɗauko masa shi, don a wurinsa suka koya, sai ya ce su bar wannan zancen, rana ta yi.

Wata shekara hukuma ta matsa a kan satar fasaha, aka yi kame, aka ƙona buhunan kaset da faifai a fili. Ƙungiyar 'yan layin ta gayyato wani lauya ya zo ya yi musu bayanin haƙƙin mallaka. Mutumin kirki ne, ya yi haƙuri da tambayoyinsu. Wani ya ce to in ya sayi kaset da guminsa ya kwafa don ya ajiye ɗaya a mota, shi ma laifi ne? Lauya ya ce wanda mutum ya yi don sauraron kansa a gidansa daban, wanda ya fitar ya baza wa jama'a ba da izinin mai shi ba daban, a bakin ƙofa bambancin yake. Aka yi ta gardama ana kawo misalai. Biro, wanda a da shi zai riƙe taron da baki, yana can baya a raɓe. Shi an karanta masa wannan dokar tun da daɗewa, da jita, kuma ya amsa da cewa ai ko ba a faɗa ba.

Zamani ya ci kaset, ya ci faifai, waya ta zo. Biro ya koyi turi, wato zuba wa mutane waƙoƙi a waya daga kwamfuta, ya zauna yana zaɓa yana jerawa yadda ya iya. Sai ya ga wanda ya tura wa da safe, kafin azahar ya tura wa unguwa guda kyauta. Ya yi ta faɗa wai mutane ba su da tsoron Allah, suna cin gumin wani. Matarsa, wadda yanzu kowa ke kira Gwaggo, ta dube shi ta ce ashe wanzami ba ya son jarfa. Bai ƙara ɗaga maganar a gida ba. Shagon ya koma na caja da murfin waya, rediyo mai baki biyu ta koma ƙarƙashin kanta, sai in wani ya kawo tsohon kaset yana son a juye masa muryar mamaci. Biron dai yana nan a kunne, ko da yake babu sauran abin naɗewa.

Ana nan kafinta ya faɗi a rumfarsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Matarsa ta riga shi tafiya, sai autarsa, malamar makaranta, ta dawo gidan tana jinyarsa. Ita ce ta zo shagon Biro wata safiya, ta gaishe shi ta zauna a kan kujerar masu jiran caji.

Ta ce likita ya ce a riƙa sa masa abubuwan da ya saba ji. Ta gwada labarai, ta gwada hira, ba ya ko waiwayowa. Sai ta tuna mahaifiyarta ta taɓa gaya mata a ɓoye cewa Ƙwanƙofa waƙar babanta ce, ta faɗa a makaranta tana yarinya aka yi mata dariya, ba ta ƙara faɗa ba. Ta nemo ta a waya ta sa masa. Mutumin da ko ruwa ba ya iya nema da baki, sai ga leɓensa yana bin waƙar kalma da kalma, hannun hagu yana kaɗa katifa. Amma duk lokacin da aka zo ƙarshe abu ɗaya ke faruwa. Waƙar ta ce ƙwanƙofa ta wuce, shi kuwa bakinsa yana ci gaba da wani abu dabam, sautin ya ƙare ya bar shi a hanya. Sai ya hau dukan katifa, hawaye na zuba, ranar ba zai ci abinci ba. In ba ta sa ba kuma ya yi ta nuna wayar. Ta duba kayan mahaifiyarta ta sami wani kaset, zafi ya narkar da shi. Na kakarta kuwa ba wanda ya san inda ya shiga.

"Baba, kai ne ka san kaset. Akwai abin da aka cire a wurin nan?"

Biro ya ɗauki wata caja ya duba ta gaba da baya. Ya ce shi dai tun da ya san waƙar haka take, tsofaffin waƙoƙi ai sai a hankali, amma zai bincika. Ta yi godiya, har da cewa ta san in bai samo ba to babu. Da ta fita ya ji ƙyamar kansa irin wadda bai taɓa ji ba. Wancan karon yana da ƙuruciya da matsi da zai laɓe a bayansu. Yau da furfura a gemu ya sake sa reza a wuri ɗaya.

Da ya koma gida cin abincin rana ya tarar labarin ya riga shi, Auta ta biya ta wurin gwaggonta. Gwaggo ta ajiye masa kwano ta zauna nesa kaɗan, abin da ba ta saba ba.

"Ka ce mata za ka bincika," ta ce. "A ina za ka bincika, Biro?"

Ya fara cewa ai ba a san ta inda waƙar ta fita ba. Ta katse shi.

"Kai sunanka ka ji a ciki ka cire. Hancina fa? Sau ɗaya na taɓa yin atishawa a waƙar Yaya, kuma a taka na yi. Duk motar da na shiga sai na ji kaina, direba ya yi mini addu'a, ni kuwa in sunkuyar da kai. Ranar da Yaya ya fara jin ta a kasuwa ya san ta wa ce."

Biro ya sani. Ya daɗe da sanin sun sani, amma abin da ba a furta ba mutum yana iya zama da shi gida ɗaya. Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa duk shekarun nan. Ta ce Yaya ne ya hana, ya ce ba zai kashe wa ƙanwarsa aure a kan waƙa ba. Ita kuma ranar hancinta take ji, ba ta riƙe baitin ba, da ta riƙe da ba ta jira shi ba. Yanzu mutum biyu ne suka rage da shi a duniya, ɗaya ba ya iya faɗa. Ta tashi ta bar shi da abincin, har ya huce bai sa hannu ba.

Washegari da hantsi bai buɗe shago ba. Ya wuce rumfar kafinta, teburin aiki yana nan an lulluɓe shi da buhu, ya tsaya inda ya saba tsayawa. Daga bakin ƙofa ana ganin gadon, da jitar a kan ƙusarta, tsirkiya biyu sun tsinke. Tsohon ya rame, an jingina shi da matasai. Auta ta ce ya shigo mana, ta faɗa ne kawai don ta san amsar. Sai ta ga ya cire takalmi. Ya zauna a bakin gadon ya ce ta sa waƙar.

Muryar saurayin kafinta ta cika ɗakin, da shuu ɗin kwafi a kan kwafi. Leɓen tsohon ya kama bi. Aka wuce baiti na farko, amarya ta yi atishawarta, aka shiga na ƙarshe. Biro ya san wurin kamar yadda harshe ya san gurbin haƙori. Ana cewa "Yau ni ke ƙwan" ya ce ta tsayar, ta danna.

Shi ba mawaƙi ba ne, ya yi rayuwarsa yana sayar da muryar mutane ba tare da tasa ta taɓa daɗi ba. Ya gyara maƙogwaro ya ɗauka daga inda aka yanke. Ya ce ƙwanƙwasa ta. Ya ce kafinta ne ya rera, mai zarto, Auta ta kai hannu baki. Leɓen tsohon yana tafiya tare da nasa. Sai ya zo kan layin da ke biye, tsohon hali ya motsa, ya ji bakinsa yana cewa "Ya ba wani nasa na kusa."

Hannun hagu ya sauka a kan katifa da ƙarfi. Tsohon ya kafe shi da ido. Sannan a hankali, da wahala, ya ɗaga hannun, ya miƙa yatsa, bai tsaya ba sai da ya taɓa biron da ke bayan kunnensa.

Biro ya sunkuyar da kai. Ya koma baya ya rera yadda aka rera masa, da mai biro a kunne, da mijin ƙanwa, da taka ce ta ɗaka ce, har zuwa kar ka bari ta fita ƙofa. Muryarsa ta karye a kan layin ƙarshe amma ya kai shi. Bakin tsohon ya rufe tare da nasa, a wuri ɗaya, hannun ya kwanta. Auta ta dubi biron, ta dubi mijin gwaggonta. Malama ce, ba ta bukatar a yi mata fassara. Ya jira ta yi magana, ba ta yi ba, ya ga ashe shirun nan a wurin mahaifinta ta gaje shi.

Tsohon ya ɗan juya yatsa, alamar a sake. Auta ta share ido ta ɗaga wayar. Muryarta a ƙasa take, kuma ba ta kalle shi ba.

"Baba, in ɗauka? Kar ta sake ɓata."

A da, kafin ta rufe baki ya nuna mata inda za ta danna. Ya girgiza kai ya ce, "Ba ni za ki tambaya ba. Ga mai ita nan."

Ta juya ga mahaifinta ta tambaye shi. Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya ɗaga hannu ya tura ta gefe a hankali, ya miƙa yatsa ya nuna ƙofar ɗakin da ke buɗe. Biro ya ɗauka korarsa ake yi. Ya miƙe, ai ya cancanci fiye da haka, ya nufi inda takalmansa suke. Ya sa ƙafa ɗaya waje ke nan ya ji an daki katifa. Ya waiwayo. Yatsan ya bar ƙofar ya koma yana nuna bakin gadon, inda ya tashi.

Sai a sannan ya gane. Ya dawo da ƙafarsa, ya kama ƙyauren, aikin hannun mai ɗakin ne, ko ƙara ba ya yi. Ya rufe shi ta ciki ya koma ya zauna.